Martani: Laifin Ba na Tsohuwar Tarakta Ba Ne

Kwanan baya wani Malam, ɗan'uwa marubuci, wanda nake ganin girmansa, ya yi dogon rubutu yana jan kunnen manoman Zamfara da kada su kuskura su zuba kuɗinsu a ƙaramar tarakta ta hannu, irin wadda ake shigowa da ita bayan ta gama aiki a Turai ko Asiya. A ganinsa, duk wanda ya saye ta ya sayi wahalar wani ne: mai ita ya ci moriyarta ya yar, mu kuma mu kwaso mu riƙa ciyar da kanikawa. Shawarar da ya bayar ita ce mai ƙaramin ƙarfi ya riƙe shanun huɗarsa, mai son aikin inji kuma ya yi haƙuri har sababbin taraktocin gwamnati su iso ya yi haya. Ban yi shakkar kyakkyawar niyyarsa ba, na san asara yake jiye wa talaka. Sai dai shawarar ba ta dace da Zamfarar da muke ciki yau ba, kuma ina tsoron wanda ya bi ta damina za ta wuce shi, ba shanu ba tarakta.

Mu fara da maganar shanu, don ita ta fi taɓa ni. Babu ɗan ƙasar nan da zai raina shanun huɗa. Tun shekarun 1920 aka fara koya wa manoman Arewa ɗaura wa bijimai garma, kuma garmar Emcot da ta bazu tare da noman auduga ta yi wa ƙasar Gusau rana, zamanin da layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929 yake kwasar auduga da gyaɗa. Sa yana ba ka taki, yana jan amalanke, in ya yi 'yan shekaru yana aiki ka sayar da shi da riba ka sayi ƙarami. Tarakta kuwa kullum darajarta raguwa take yi. Duk wannan gaskiya ne, kuma da a kan ƙasar Daura ko Gumel Malam ya yi rubutunsa da ban ce uffan ba.

To amma ya je ya tambayi mutanen Keta da Kizara da Ɗanjibga a ƙasar Tsafe, ko na Nahuce da Gada a Bungudu, ko na Magami da Wanke da Wonaka a Gusau, shanun huɗa nawa suka rage a garuruwansu. Fiye da shekara goma ke nan ɓarayin daji suna kora su. Waɗanda ba a kora ba, masu su sun sayar sun biya kuɗin fansar ɗa ko mata, ko harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauye kafin su bar shi ya yi noma. Wasu kuma da gangan suka rabu da nasu, saboda bijimai biyu a turke sun zama abin da ke jawo wa gida baƙin dare. A watan Satumba na 2021 ma sai da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako ta kuma hana safarar dabbobi, duk don a toshe wa masu satar shanu hanyar sayarwa. Mutumin da ke cikin wannan hali, in ka ce masa ya riƙe shanunsa, ka yi masa maganar abin da ba ya hannunsa. Abin da ya rage masa fartanya ce da ƙarfin ƙirjinsa, ga 'yan ƙwadago sun yi tsada saboda samari da yawa sun gudu birni ko sun tafi haƙar zinariya.

Ba mu ne farkon waɗanda suka rasa dabbobin noma ba. A 1988 ambaliya ta hallaka shanun noma masu yawa a Bangaladash. Abin da gwamnatin ƙasar ta yi shi ne ta sassauta dokokin shigo da ƙananan injunan dizal da ƙananan taraktoci masu taya biyu, ta bar 'yan kasuwa suka kawo masu araha, galibi daga Sin. Masana a lokacin sun yi ta cewa injunan ba su da ƙarko. Ba su yi ƙarya ba, amma kanikawan ƙauye sun koyi gyaransu, shagunan kayan gyara suka cika kasuwanni, mai inji ɗaya ya riƙa yi wa maƙwabta aiki ana biyansa. Yau mafi yawan gonakin ƙasar da irin waɗannan injuna ake kafce su.

Sai batun jiran gwamnati. Nan kam, da girmamawa, Malam ya tura manomi zaman jiran gawon shanu. Ƙasar Gusau ba baƙuwar shirin gona ba ce. Tana cikin wurare ukun farko, tare da Funtuwa da Gombe, da aka kafa shirin raya aikin gona da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970. An taɓa harhaɗa taraktar Steyr a Bauchi da ta Fiat a Kano. Bayan an ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996 an yi shirin noma na ZACAREP zamanin Gwamna Ahmad Sani Yarima. A 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da yarjejeniya da ƙasar Birazil da aka ce za ta kawo taraktoci dubu goma. A watan Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka sayo daga Belarus. Ko da a ce an raba waɗannan dubu biyun daidai wa daida tsakanin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, kowace ba za ta samu uku cikakku ba. Tarakta uku ga ƙaramar hukumar Tsafe gaba ɗayanta, daga 'Yandoto har Bilbis da 'Yankuzo!

Kuma aikin gona ba ya jira. Daminar nan tamu daga ƙarshen Mayu ko cikin Yuni take kankama, farkon Oktoba ta ɗauke. Kwanakin da ƙasa ta jiƙa daidai haro da huɗa ba su fi mako biyu ko uku ba, kuma kowa a cikinsu yake son a yi masa aiki. Taraktar haya ta hukuma, in ma tana da rai, kowa ya san gonar da take fara zuwa. Kafin layi ya zo kan mai eka uku, masarar maƙwabcinsa ta yi ganye huɗu. Wanda ya shuka masara ko waken soya a makare ya riga ya yi asarar wani kaso na amfaninsa tun bai sa taki ba.

Akwai abin da nake so Malam ya tsaya ya duba da idonsa. Ya zaga harabar ofisoshin gona a faɗin Arewa, zai ga taraktoci jibge, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu, an cire wa wannan batir an cire wa waccan famfon mai. Waɗannan ba na hannu ba ne. Sababbi fil aka sayo su, da kujerunsu cikin leda, aka yi bikin ƙaddamarwa. Sun mutu ne saboda ba su da mai su: direba albashinsa yake jira ko ta yi aiki ko ba ta yi ba, kuɗin gyara sai takarda ta bi ofis-ofis, ƙirar kuma wani lokaci babu mai sayar da ko ƙusarta a duk jihar. A daidai lokacin nan, za ka ga tsohuwar Massey Ferguson da ta girmi direbanta tana jan tirelar yashi a gefen gulbin da ya ratsa Gusau. Cibiyar binciken manufofin abinci ta IFPRI ta taɓa bin masu taraktoci a jihohin Kaduna da Nasarawa, sama da shekara goma da suka wuce, ta gano cewa waɗanda suka sayi nasu a kasuwa da kuɗinsu, da yawansu na hannu, sun fi waɗanda suka samu ta hanyar gwamnati cin moriyarsu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai saye da guminsa yakan zaɓi wadda ya san bakanikenta, kuma ba ya barin ta kwana da ciwo.

Saboda haka tambayar da ta kamata manomi ya yi ba ita ce sabuwa ce ko tsohuwa ba. Tambayar ita ce: in ta tsaya mini a tsakiyar gona ranar Talata cikin watan Yuni, zan samu bakanike da kayan gyara ta tashi kafin Alhamis?

A nan ne nake ganin Malam yana da rabin gaskiya, sai dai ya yi kuɗin goro. Lalle akwai taraktocin hannu da saye su asara ce. Na farko su ne 'yan ƙananan nan na Japan, irin su Kubota da Yanmar da Iseki masu ƙarfin doki goma sha biyar zuwa ashirin da 'yan kai. Injuna ne masu kyau, ba wanda zai kushe ƙirarsu, amma don fadamun shinkafar Japan aka yi su, inda ƙasa take da laushi ana burga ta da wuƙaƙe masu juyawa. Cikinsu kusa da ƙasa yake, tsakanin tayoyinsu kuma matsattse ne, alhali mu noman kunya muke yi, tsakanin kunya da kunya kamar santimita 75. Ba za su ja haro mai faifai a tsandaurin ƙasa ba. Da yawansu kuma don kasuwar cikin Japan kaɗai aka ƙera su, lambar ƙirar ma ba za ka same ta a littafin dila ba. Mai lambu a fadama ko mai shinkafa a yankin Bakolori zai iya morar irinsu in ya tabbatar da hanyar samun kayan gyara, amma mai gonar tudu a Kwatarkwashi ya kiyaye. Na biyu su ne na Turai da Amurka 'yan bayan nan, masu kwamfuta a ciki da na'urorin tace hayaƙi. Waɗannan tataccen dizal mai tsabta ƙwarai suke sha, mu kuwa a ƙauye gas ɗin da ake samu wajen 'yan bumburutu wani lokaci da ruwa ko kananzir a ciki. In ta ɗauke wuta sai an jona mata kwamfutar kamfani kafin a san ciwonta. Ko a Amurka manoma sun daɗe suna rigima da kamfanin John Deere a kan haƙƙin gyara taraktarsu da kansu, har jihar Kolorado ta yi doka a kai a 2023, kuma da yawansu suna neman tsofaffin taraktocin da ba su da kwamfuta suna saye.

Wadda nake karewa daban ce. Ita ce matsakaiciyar nan mai ƙarfin doki talatin da biyar zuwa hamsin, mai inji na ƙarfe zalla wanda bakanike zai buɗe da sifana ya gane. Misalin da kowa ya sani shi ne Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, da ƙanwarta 240, masu injin Perkins mai silinda uku. Har yau kamfanin Millat na Pakistan yana ƙera 240 da 375, Indiya ma tana da kamfanin TAFE mai ƙera irin wannan jini, shi ya sa fiston da ringi da gaskit da nozul ɗinsu ba su yanke a kasuwa ba. Abin da ba a samu a Gusau ba za a same shi a Funtuwa ko Zariya, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, a ɗoro shi a motar haya ya kwana ɗaya ya iso. Mahindra da Sonalika na Indiya su ma sun fara yawa, amma kafin mutum ya sa kuɗi ya je da ƙafarsa shagon kayan gyara ya tambayi abu biyar na ƙirar da yake so. In an ɗauko masa huɗu daga kan kanta, ya ci gaba. In an ce sai an yi oda, ya haƙura.

Malam ya ce mai saye ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin injin. Akwai hanya, kuma ba ta fi ƙarfin manomi ba. Sharaɗin farko shi ne ya tafi da bakanikensa, wanda zai ci gaba da gyara masa ita, ba wanda dillali ya kawo ba. Su je da sassafe, su dafa injin su ji sanyi ƙalau kafin a tayar, don injin da ya gaji in an ɗumama shi tun kafin ku iso yakan ɓoye aibinsa. Su duba hayaƙi. Baƙi kaɗan lokacin tashi ba komai ba ne, amma shuɗi da bai yankewa yana nufin tana ƙona baƙin mai, fari mai ɗorewa kuma ko ruwa na shiga ko nozul sun lalace. A buɗe murfin baƙin mai injin na aiki, in yana huci da ƙarfi ringi sun ci. A zaro sandar gwajin mai, in ya yi kalar koko da madara to ruwa ya haɗu da mai. A leƙa lagireto a ga ko yana kumfa. A ɗaura mata haro a ɗaga sama a kashe injin, in ya sauko nan da nan haidirolik ɗin yana da magana. A sa kowace giya, a juya sandar bayan nan da kanikawa ke ce wa PTO a ji ko tana kuka. Kada a yarda da agogon awoyin aiki, ana sauya shi. A dubi yadda takalmin kuloci da na birki suka side. Tayoyin baya kuɗi ne masu nauyi, in sun tsattsage a cire kuɗinsu daga ciniki. Sabon fenti kuwa ba hujjar komai ba ne. Daga nan a kai ta gona ta yi aikin awa guda a ƙasa ta gaske, ko da mai saye ne zai biya kuɗin man. Mai sayarwar da ya ƙi wannan ya riga ya ba da amsa.

Takardu ma ba abin wasa ba ne a jiha irin tamu. A ga takardar kwastan in daga waje ta zo, a ga rasit ɗin mai ita na baya, a gwada lambar da ke jikin injin da ta takarda, a rubuta cinikin gaban shaidu. Kuma kada mutum ya ƙarar da kuɗinsa kaf a saye. Ya ware wani kaso tun ranar farko don canjin mai da matatai da ƙananan gyare-gyaren da ba makawa za su taso a watannin farko.

Inda lissafin Malam ya fi rauni shi ne ya ɗauka tarakta haro da huɗa kawai take yi, mako uku a shekara, sauran watanni tana kwance. Da haka ne da na bi bayansa, musamman yanzu da litar dizal ta haura naira dubu, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 duk abin da ake shigowa da shi ya ninka. Tsadar nan ma ita ce ta sa sabuwar tarakta ta fi ƙarfin kowa sai gwamnati da manyan 'yan kasuwa. Amma a gidan ƙauye aikin ɗauka da ja ba ya ƙarewa. Da bazara ga kai takin gida gona. Da kaka ga kwaso dawa da masara da kara da harawa, kuma saurin kwashe amfani daga gona yanzu ya zama maganar tsira da shi, don abin da ya kwana a daji ba lalle a wayi gari a same shi ba. Sandar bayanta tana juya injin casar masara da na waken soya. Da rani ga jigilar yashi da dutse da bulo ga masu gini, ga tankin ruwa, ga kayan kasuwa ranar cin kasuwa. In damina ta cinye hanyar shiga gari, ita ce za ta kwaso marmara a cike ramukan, aikin da ƙauyuka da yawa suka shekara suna jiran ƙaramar hukuma ta yi. Taraktar da ke aiki wata tara ko goma tana biyan kanta. Wadda aka saya don a ce wane yana da tarakta ita ce ke cinye mai ita, ko sabuwa ce.

Na san ba kowa ke da kuɗin saye shi kaɗai ba, kuma ba na ba mai eka biyu shawarar ya sayar da gonar gado ya sayi inji. Mutum uku ko biyar na iya haɗa hannu, kamar yadda iyayenmu suka yi gandu da gayya. Amma a rubuta komai tun ana shiri, gaban mai gari ko liman: wa ya sa nawa, yaya za a jera gonakin masu ita a farkon damina, ko da ƙuri'a ce, nawa za a cire daga kowane aiki a ajiye na gyara kafin a raba riba. Direba ya zama ɗaya tak, wanda ya san duba mai da ruwa kowace safiya da wanke matatar iska lokacin ƙurar hunturu. Tarakta ta fi mutuwa a hannun direbobi barkatai fiye da a hannun tsufa.

Ba zan ɓoye cewa ita ma tarakta tana cikin haɗari ba. Tana da ƙara, ana hango ta daga nesa, kuma direbanta abin kamawa ne. Babu mai hankalin da zai ce a kai ta gonar da ke bakin daji. Sai dai rashin tsaron nan ya sauya fasalin noman kansa. Mutane sun bar manyan gonakin nesa sun dawo suna rarraba 'yan filayen da ke kewaye da gari da gefen titin Funtuwa zuwa Gusau da na Gusau zuwa Sakkwato. Gonaki ne ƙanana, masu iyakoki kusa-kusa da itatuwa a tsaka, inda babbar tarakta mai doki saba'in da biyar take shan wahalar juyawa kuma mai ita ba ya son ɓata man zuwa don eka ɗaya. Ƙarama ita ce daidai wurin. Aikin da bijimai biyu za su yini suna yi ita za ta gama kafin hantsi ya dubi ludayi, mutane su koma gida da wuri, ita kuma ta kwana cikin gari. Rage awoyin da magidanci da 'ya'yansa ke yi a fili ba ƙaramin abu ba ne a Tsafe ko Bungudu a yau.

Da Malam ya juya alƙalaminsa kan hukuma da na tsaya tare da shi. Abin da masu ƙananan taraktoci ke buƙata daga gwamnati bai kai kuɗin sayo sababbi ɗari ba. Muna da kwalejin aikin gona a Bakura, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, da ta tarayya a Ƙauran Namoda. A buɗe gajerun kwasa-kwasai da Hausa, lokacin rani, ga direbobi da yaran kanikawa, a koya musu gyaran famfon mai da haidirolik, waɗanda su ne kan sa a ɗauki tarakta zuwa wata jiha. A sauƙaƙa shigo da kayan gyara. Cibiyar NCAM da ke Ilori, wadda aikinta ne gwada injunan noma, ta riƙa fitar da bayani a fili kan ƙirar da ta dace da ƙasarmu da wadda ba ta dace ba. Bankuna kuma su yarda su ba ƙungiyar manoma rancen sayen ta hannu in ƙwararre ya duba ta ya sa hannu, maimakon su ce sai sabuwa.

Shi kuma Malam, tunda manoma suna karanta shi suna kuma jin maganarsa, ina roƙonsa ya ba da yini biyu ya zaga garejin masu gyaran tarakta a Gusau da Funtuwa. Ya tambaye su wace ƙira ce ke shigowa ta fita a kwana ɗaya, wace ce ke shekara a jingine, nawa ne kuɗin sauke injin Perkins a mayar da shi, wane kaya ne jabunsa ya yi yawa a kasuwa. Ya rubuta mana amsoshin da sunayen ƙirar da farashinsu kafin watan Afrilu, lokacin da masu niyyar saye suke sayar da hatsinsu su nufi wajen dillalai.